Gidan Awon Taurari Na Girinic

A shekarar da na fara koyarwa an ba ni aji shida a wata makarantar firamare. Wata rana muna darasin labarin ƙasa, na zana duniya a kan allo, na ja layukan kwance da na tsaye, na gaya wa yara cewa layin tsaye na farko, watau mai lamba sifiri, ya bi ta wani wuri a Ingila wai shi Girinic, daga nan a ke ƙidaya gabas da yamma. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya ja layin? Don me kuma bai bi ta garinmu ba?" Ni kuwa ban san amsa ba. Maimakon in ce masa ban sani ba, sai na daka masa tsawa, na ce ya zauna, wannan ba ya cikin jarrabawa. Yaron ya zauna, bai ƙara yi mini tambaya ba har shekara ta ƙare.

Abin nan ya daɗe yana damuna. Daga baya Allah ya nufe ni da zuwa Ingila wani ɗan kos, na keɓe yini guda na tafi na ga wurin da idona. Tun da ya ke da yawa daga cikinku za ku fita koyarwa ta gwaji, kuma lalle darasin nan zai faɗo wa waɗansunku, na ga ya kamata in rubuta muku abin da na gani da abin da na karanta, domin kada ku yi wa wani yaro abin da na yi. A taswira za ku ga an rubuta sunan wurin Greenwich, amma mutanen can kamar Girinic su ke faɗi.

Kafin mu yi nisa, bari in kau da wata shakka. Na ce gidan awon taurari, ban ce gidan duba ba. Aikin mutanen gidan nan shi ne su auna inda ko wane tauraro ya ke a sama, da lokacin da ya ke wucewa, su rubuta. Ya fi kama da aikin malamanmu masu lissafin taurari 28 na shekara, waɗanda su ke gaya wa manoma lokacin shuka. Turawa kuma ba su ne su ka fara gina irin wannan gida ba. An gina na Maraga a ƙasar Farisa a 1259, Sarki Ulug Beg kuma ya gina nasa a Samarkand wajen shekarar 1420, inda aka auna taurari sama da dubu.

Abin da ya sa aka gina shi

A zamanin da Turawa su ka fara ratsa manyan tekuna da jiragen ruwa masu filafilai, babbar wahalar matuƙi ita ce ya san inda ya ke. Sanin nisansa arewa ko kudu ba wuya, sai ya auna tsayin rana da tsaka, ko tsayin tauraron arewa da dare, ya duba littafi. Amma gabas da yamma fa, sama ba ta tsaya wuri guda balle a auna da ita, domin duniya tana juyawa ta wannan fuska. Sai dai matuƙi ya kintata, ya ce mun yi kwana kaza muna gudu kaza, watakila muna wuri kaza. Jirage da yawa sun halaka ta haka. A watan Oktoba na 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu su ka hau duwatsu kusa da tsibiran Scilly, mutum fiye da 1,400 su ka nutse, ga su kuwa sun kusa gida.

Masana sun san maganin abin a takarda. Duniya tana zagayowa digiri 360 cikin sa'a 24, watau digiri 15 ke nan ko wace sa'a, ko kuwa digiri ɗaya cikin minti huɗu. To, in matuƙi ya ga rana ta yi tsaka inda ya ke, ya kuma san a daidai wannan lokaci ƙarfe biyu ne a gida, ya san yana yamma da gida da digiri 30. Wuyar ita ce sanin lokacin gida. Agogon wannan zamani da ƙarfe mai lilo ya ke aiki, in jirgi ya yi tangaɗi sai ya rikice. Kuskuren minti huɗu kuwa a tsakiyar duniya ya kai kuskuren mil 69.

Akwai wata dabara, ita ce a mai da wata ya zama hannun agogo, taurari su zama lambobi. Wata yana gusawa cikin taurari kamar faɗin kansa ko wace sa'a. Da za a sami littafi mai faɗin inda wata zai kasance a ko wace sa'a ta lokacin gida, da matuƙi sai ya auna tsakanin wata da wani tauraro, ya buɗe littafi, ya san lokaci. A 1674 wani Bafaranshe ya zo fadar Sarki Charles na Biyu ya ce ya iya wannan. Aka nemi ra'ayin wani saurayi mai ilmin taurari, John Flamsteed, shi kuwa ya ce dabarar ba za ta yi aiki ba tukuna, domin babu wanda ya auna taurari da tafiyar wata daidai yadda a ke bukata. Da Sarki ya ji haka, sai ya ce to a auna. Ran 4 ga Maris, 1675, ya naɗa Flamsteed mai awon taurari na Sarki, yana ɗan shekara 28, albashinsa fam 100 a shekara.

Yadda aka yi ginin

Wanda ya zana gidan shi ne Christopher Wren, maginin da ya sāke gina babbar majami'ar St Paul bayan gobarar Landan ta 1666. Kafin ya shahara da gini, shi kansa malamin ilmin taurari ne a jami'ar Oxford. Shi ya ba da shawara a yi ginin bisa wani tudu cikin dajin shaƙatawa na Sarki a Girinic, kudu da kogin Tems, inda hayaƙin birni bai kai ba a lokacin, kuma jiragen da ke kogi suna hangensa.

Sarki ba shi da kuɗi da yawa, saboda haka ya ce kada a kashe fiye da fam 500. Aka sayar da tsohon albarushin da ya lalace aka sami kuɗin. Aka kwaso jan bulo daga gidan soja na Tilbury, katako da ƙarfe da darma kuwa daga wata tsohuwar ƙofa da aka rushe a Hasumiyar Landan. Aka sa harsashi ran 10 ga Agusta, 1675, Flamsteed ya tare a watan Yuli na 1676. Da aka yi lissafi, an zarce da fam 20 kaɗai.

Da na hau tudun, ina haki domin yana da tsayi, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar gidan. Na zaci zan ga wata fada, sai na ga ɗan gida na jan bulo mai farin ado a kusurwoyi, da 'yan hasumiyoyi biyu a sama masu hulunan darma, sun tsaya kamar zankayen soro. A ƙasa akwai 'yan ɗakuna na kwana da na zama, inda Flamsteed ya zauna. A bisansu kuwa ɗaki guda ne babba mai kusurwa takwas, shi ne abin kallo a gidan. Rufinsa yana da nisa ƙwarai, tagoginsa dogaye ne tun daga kusa da daɓe, domin madubin hangen nesa na wannan zamani dogo ne kamar gora, sai an jingina shi a tsani an leƙa ta taga. An lulluɓe bangon da katako. A cikin katakon nan aka kafa agogo biyu waɗanda Thomas Tompion ya ƙera, ko wanne ƙarfen lilonsa ƙafa 13, kuma sau ɗaya a shekara a ke ɗaura su. Da su Flamsteed ya gwada ko duniya tana juyawa bai ɗaya cikin shekara duka, domin in ba haka ba, duk lissafin lokaci ya rushe. Iyakar abin da agogon su ka iya nunawa, ya tarar juyin daidai ya ke.

Amma ga wani aibi da tsimin kuɗi ya jawo. Domin a rage aiki, an ɗora ginin bisa harsashin wata tsohuwar hasumiya da ke kan tudun. Bangayen tsohon harsashin kuwa ba su fuskanci arewa sosai ba, sun karkace da kamar digiri 13. Mai awon taurari yana bukatar bango wanda ya miƙe sak daga arewa zuwa kudu, ya kafa ma'auninsa a jiki. Saboda haka ɗakin nan mai kyau bai yi amfani ga babban aikin ba, sai dai kallon husufi da taurari masu wutsiya da saukar baƙi. Flamsteed ya koma wata 'yar rumfa a ƙarshen lambu, ya gina bango yadda ya ke so, a 1689 ya kafa babban ma'auni a jikinsa. A can cikin sanyi, rufi a buɗe, ya yi yawancin aikinsa.

Ku malamai, ku lura da zaman mutumin nan. Sarki ya ba shi gida amma bai ba shi kayan aiki ba. Agogon nan biyu ma wani mai taimakonsa ne, Jonas Moore, ya saya masa. Waɗansu kaya kuma daga aljihunsa ya yi su, har ya riƙa ɗaukar almajirai yana koya musu lissafi domin ya sami na ƙari. Ya yi shekara fiye da arba'in yana awo, ba ya yarda a buga aikinsa sai ya tabbata babu kuskure. Isaac Newton da Edmond Halley su ka gaji da jira, su ka sa aka buga littafin a 1712 ba da yardarsa ba. Da ya sami hali sai ya tattara 300 daga cikin 400 da aka buga ya ƙone. Ya rasu a 1719, matarsa da mataimakansa su ka ƙarasa aikin, aka buga shi a 1725, da taurari kusan 3,000. Matar kuma ta kwashe kayan awon duka, ta ce na mijinta ne. Halley da ya gaje shi ya tarar da gida wayam.

Wata da agogo

Bayan hasarar 1707, majalisar Ingila ta yi doka a 1714, ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya kawo hanyar sanin gabas da yamma a teku, kuskuren kada ya wuce rabin digiri. Hanya biyu su ka yi tsere. Ta wata ita ce ta mutanen Girinic. Nevil Maskelyne, na biyar a jerin masu awon taurari na Sarki, ya fara fitar da littafin nan na matuƙa, Nautical Almanac, na shekarar 1767, wanda ke faɗin tsakanin wata da waɗansu taurari ko wace sa'a uku bisa lokacin Girinic.

Ta agogo kuwa wani kafinta ne ya bi ta, John Harrison, wanda bai yi karatu mai zurfi ba. Agogonsa na farko, na 1735, ƙato ne na tagulla, sai mutum biyu su ɗauka. Na huɗu, wanda ya gama a 1759, faɗinsa kamar inci biyar ne, ya yi kama da babban agogon aljihu. Aka kai shi Jamaika a 1761, bayan kwana 81 aka lissafta kuskurensa bai wuce daƙiƙa biyar ba. Duk da haka sai da aka yi ta ja masa rai, bai sami cikon kuɗinsa ba sai 1773, yana ɗan shekara 80. Na ga agogon nan huɗu a gidan. Manyan uku suna tafiya, ƙaramin kuwa an tsai da shi domin kada ya ci kansa.

Ko ta wace hanya matuƙi ya bi, lokacin Girinic ya ke nema. Saboda haka a 1833 aka kafa wata ƙwallo bisa sanda a kan ɗaya daga cikin 'yan hasumiyoyin. Ƙarfe ɗaya saura minti biyar ta kan hau rabin sanda, saura minti biyu ta kai ƙoli, ƙarfe ɗaya daidai ta faɗo, matuƙan da ke kogi su daidaita agogonsu. An zaɓi ƙarfe ɗaya ne domin da tsakar rana masu awo suna fama da awon rana. Ranar da na je na tsaya cikin taron 'yan kallo, na ga jar ƙwallon ta faɗo, na duba agogona na tarar ya yi gaba da minti biyu.

Wanda ya ja layin

Yanzu mun zo ga tambayar yaron nan. Kusa da gidan Flamsteed akwai wani dogon gini gajere, ba shi da ado, an yi ta ƙara masa ɗakuna ta gabas. Rufin ɗakin awo yana da tsaga daga arewa zuwa kudu, da murfi da a ke buɗewa. A ƙarƙashin tsagar an kafa madubin hangen nesa tsakanin ginshiƙai biyu na dutse, yana ɗagawa yana sunkuyawa, amma ba ya juyawa dama ko hagun. A cikin madubin an gitta silin saƙar gizo. Mai awo ya zauna yana jira, da tauraro ya ƙetare silin sai ya rubuta lokaci, ya karanta tsayinsa a jikin wani da'ira mai lambobi. Layin da madubin nan ke bi a sama, in aka sauko da shi ƙasa aka miƙe shi arewa da kudu har ƙarshen duniya, shi ne layin tsakar rana na wurin.

Ashe kuwa layin Girinic ba ɗaya ba ne. Flamsteed yana da nasa, Halley ya kafa sabon madubi ya sami nasa, James Bradley ma haka, ko wanne ya ɗan gusa gabas. Na ƙarshe shi ne na George Airy, wanda ya fara aiki da madubinsa a watan Janairu na 1851, kamar ƙafa 19 gabas da na Bradley. Aka yi ta aiki da madubin nan har 1954.

A wannan zamani ko wace babbar ƙasa tana da nata layin sifiri, Faransa tana ƙidaya daga Faris, waɗansu daga nasu biranen. Da jirgin ƙasa da wayar tangaraho su ka haɗa ƙasashe, rikicin ya yi yawa. A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 su ka taru a Washinton ta Amurka. Aka jefa ƙuri'a, 22 su ka zaɓi layin madubin Airy, San Domingo ta ƙi, Faransa da Birazil su ka kame. Babban dalili shi ne, kusan kashi 72 cikin 100 na kayan da a ke ɗauka a teku, jiragen da ke ɗauke da su da taswirar Girinic su ke aiki, saboda littafin Maskelyne da kuma yawan jiragen Ingila a lokacin. Faransa ba ta bi lokacin Girinic ba sai 1911.

Amsar yaron ke nan. Layin tsakiyar duniya na kwance, juyin duniya ne ya ajiye shi, ba mai iya gusar da shi. Layin sifiri na tsaye kuwa mutane ne su ka zauna su ka yarda da shi, da sun so da sun bi da shi ta Kano ko Ikko, lissafi ba zai ɓaci ba. Daga Ingila ya bi ta Faransa da Sifen, ya shiga Afirka ta Aljeriya, ya ratsa Mali da Burkina Faso da gefen Togo, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. A farfajiyar gidan an shimfiɗa shi da ƙarfe a ƙasa, na tsaya ƙafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma kamar yadda kowa ke yi.

Abin da ya faru daga baya

A 1852 aka kafa agogo a ƙofar gidan mai lambobi 24, domin kowa ya ga lokaci. A 1880 doka ta mai da lokacin Girinic lokacin Biritaniya duka. A 1893 aka kawo babban madubi mai gilashi inci 28, wanda ya fi ƙarfin ɗakin da aka tanada, sai aka yi masa ƙubba mai kumburi kamar albasa domin ya sami wurin juyawa. Amma Landan ta yi ta girma har ta haɗiye Girinic, hayaƙi da fitilun titi su ka dushe sama. Daga 1948 zuwa 1957 masu awo su ka ƙaura zuwa Herstmonceux a kudancin Ingila, a 1990 su ka koma Kambirij, a 1998 aka rufe ma'aikatar. Tsohon gidan ya zama gidan kayan tarihi. Lokacin duniya ma tun 1972 da agogon atom a ke tsare shi, layin sifiri kuma da na'urorin tauraron ɗan Adam ke nunawa yana kamar mita 102 gabas da na Airy. Duk da haka in kun kama rediyo za ku ji ana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, harafin G ɗin nan Girinic ne.

Yadda za ku koyar da shi

Agogon Nijeriya da Nijar yana gaba da na Girinic da sa'a ɗaya, watau an daidaita shi da digiri 15 gabas. Gana kuwa lokacin Girinic ta ke bi. Amma rana ba ta bin doka. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Sakkwato wajen digiri 5, tsakaninsu digiri 8, sau minti huɗu, minti 32 ke nan. Shi ya sa mutanen Maiduguri ke riga na Sakkwato shan ruwa da kamar rabin sa'a a watan azumi. Ku fara darasin da wannan, domin yara sun riga sun san shi.

Sa'an nan ku fita da su fili. Ku kafa doguwar sanda a miƙe a wuri mai daɓe sumul. Da hantsi ku sa alama a bakin inuwar, ku rubuta lokaci, ku ɗaura igiya a gindin sanda ku zana da'ira ta bi ta kan alamar. Inuwa za ta gajarta, ta sāke tsawo. Da ta taɓa da'irar bayan azahar, ku sa alama ta biyu, ku rubuta lokaci. Tsakiyar lokutan nan biyu ita ce tsakar ranar garinku. Ku raba tsakanin alamun biyu, ku ja layi daga nan zuwa gindin sanda, kun sami layin arewa da kudu na makarantarku, irin wanda Flamsteed ya nema a rumfarsa. In tsakar ranar ta faɗo ƙarfe 12 da minti 26, ku raba 26 da 4, shida da rabi ke nan, ku ɗebe daga 15, saura takwas da rabi, wajen Kano ke nan. A Ikko za ta faɗo wajen 12 da minti 46. Sai dai ku sani rana ta kan riga agogo ko ta makara, har da minti 16 a waɗansu watanni. Tana daidaita da shi wajen 15 ga Afrilu, 13 ga Yuni, 1 ga Satumba da 25 ga Disamba. A ƙasarmu na Yuni da na Disamba sun fi, domin a Afrilu da Satumba rana tana bisa kai, inuwa ba ta da tsawo.

Wanda ya gwada wannan a makarantar da aka tura shi, ina roƙonsa ya kawo mini lissafin da ajinsa ya samu, mu gwama da taswira, mu buga a fitowa ta gaba. In kuma wani yaro ya yi muku tambayar da ba ku san amsarta ba, ku ce masa ba ku sani ba, ku je ku nemo, ku kawo masa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.